Ranar da Dokata Ta Cire Mini Hula

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta lokacin bazara ba, ranar da na miƙe a gaban manyan mutane ina kare gaskiya da murya mai ƙarfi, alhali abin da zai tona mini asiri yana zaune a tsakar kaina. Kafin in kai ga abin da ya faru, ya dace mai karatu ya san irin mutumin da abin ya faru da shi, domin a nan nauyin al'amarin yake.

Ni ma'aikaci ne a sashen ajiye bayanai na wata ma'aikata a nan Potiskum. Aikina shi ne in karɓi fayil, in ba shi lamba, in ajiye shi inda ko bayan raina za a same shi ba tare da an tayar da ƙura ba. Wannan ɗabi'a ta bi ni har gida, ta yadda hulunana ma kowace na rubuta mata lamba a ciki da jar tawada (maiɗakina tana ganin wannan alamar rashin lafiya ce, ni kuwa ina kiransa tsari). Abu ɗaya ne tak ban taɓa yarda ya shiga wani bayani ba, shi ne sanƙona. Ba irin sanƙon nan ba ne mai ladabi, wanda ke farawa daga goshi yana ja da baya a hankali. Nawa daga tsakiya ya fara, ya share fili, ya bar gashi a kewaye kamar shingen gona. In ban da iyalina da wanzamina, babu mahalukin da ya taɓa ganinsa. Ko a wurin alwala a ofis, na ƙware wajen shafar kai ta ƙarƙashin hula kafin na kusa da ni ya ɗago.

A shekarar da ake maganar ƙarin girmana aka sanar da mu cewa za a yi mana tambayoyi baki da baki, kuma da Turanci. Turancina na rubutu ba shi da laifi, amma na baki yakan tsaya a maƙogwaro yana jiran izini. Saboda haka na shiga wani ajin manya da ake yi ranakun Asabar bayan la'asar a wata makarantar firamare a Yerimaram. Malaminmu, Malam Sale, tsohon malamin sakandare ne da ya yi ritaya, mutum mai haƙuri wanda bai yarda wani abu ya wuce a gabansa ba tare da ya mayar da shi misali ba. Mu kuwa ɗalibansa, magidanta ne da matan aure, muna zaune a bencin yara, gwiwoyinmu na taɓa haɓa.

Mutum biyu ya kamata a sani a cikin ajin. Na farko Alhaji Buba, Bafulatani mai fataucin shanu, wanda ya bar daji ya zauna a gari tun da jimawa. Turanci yake nema domin ya daina biyan tafinta idan masu sayen shanu sun zo daga kudu, don ya ce yana zargin tafintan ya fi shi cin ribar bijimansa. Allah ya ba shi jiki, ya kuma ba shi kai daidai da jikin. Ta biyu Hajiya Falmata, Babarbariya mai sayar da atamfa da ɗankwali, wadda ba ta iya ganin Alhaji ya buɗe baki ba ta tsokane shi ba, kamar yadda aka saba tsakanin Barebari da Fulani.

Tun a makonnin farko wani abu ya fara ɓata mini rai. Duk sanda Malam Sale ya ce a kawo misali, sai mutane su saki baki. Wani mai sayar da kayan babur ya ce yana da jiragen sama a gida. Alhaji Buba ya ce ya sayi birnin Legas ya ba ɗansa. Kowa ya yi dariya, ni ban yi ba. Na ɗaga hannu, na miƙe, na bayyana cewa harshen da aka koya da ƙarya, da ƙarya zai saba, kuma bai dace dattawa su baro iyalansu su zo suna shirga abin da bai faru ba, ko da kuwa da Turanci ne. Na kawo shawarar cewa daga ranar duk misalin da mutum zai bayar ya zama gaskiya daga rayuwarsa. Namijin da aka kama ya saɓa, zai cire hularsa ya zauna haka har a tashi. Mace kuwa ta goge allo.

"Sakatare, hukuncin nan bai yi tsanani ba?" in ji Malam Sale (Sakatare suke kirana, ko da yake ba shi ne muƙamina ba).

Na ce, "Malam, mai gaskiya ba ya tsoron tsananin hukunci."

Aka amince cikin raha, aka kuma ɗora mini alhakin zartarwa, na karɓa ba cikin raha ba. Ba na jin kunyar faɗin cewa na riƙe aikin da muhimmanci. Mai kayan babur ya zauna kai ba hula fiye da sau ɗaya a dalilina. Akwai wanda ya ce da asuba yake buɗe shagonsa, na kawo shaidar cewa na wuce da hantsi na tarar da kwaɗo a ƙofa. Ya cire, yana hararata, ni kuwa na ji daɗin da mutum ke ji idan fayil ya koma mazauninsa.

Ana nan muka iso darasin da ya zama sanadi. Malam Sale ya ce yau za mu koyi yadda Bature ke faɗin aikin da bai yi da hannunsa ba, sai dai ya sa wani ya yi masa. Ya ce mu da Hausa mukan ce "na ɗinka riga" alhali tela ne ya ɗinka, kuma babu mai tuhumarmu. Shi kuwa Bature in ka ce masa haka, zai ɗauka kana da keken ɗinki a ɗaka. Ya rubuta mana kalmomin da ke ɗaukar wannan aiki. Da "have" kake faɗin abin da ka kai aka yi maka, da "get" abin da ka lallaba aka yi, da "make" abin da ka tilasta, da "let" kuma abin da ka ƙyale aka yi. Na ji darasin ya kwanta mini ƙwarai, domin yana rarrabe wanda ya yi aiki da wanda ya ba da umarni, kuma rabin rigimar ofis daga nan take tasowa.

"To Malam," in ji Hajiya Falmata, "idan saniya ce ta sa mutum ya yi ta yawo a daji shekara da shekaru, wacce za a ɗauka a ciki?"

"Wadda za a ɗauka idan turare ya sa mutum ya rasa kuɗin cefane," in ji Alhaji Buba, ko waiwayowa bai yi ba.

Da za a tashi, Malam ya ba mu aikin gida. Kowa ya kai wani abu a yi masa a cikin mako, ya zo da shi aji, ya nuna, sannan ya faɗi jimlarsa. Nan take na yanke shawarar kai hulata zanna, mai lamba uku, wurin wanki.

Ga wanda bai sani ba, mai wankin hula ba wanki kawai yake yi ba. Sai ya jiƙa ta, ya goge ta da buroshi, ya sa mata sitaci, sannan ya kifa ta a kan wani guntun itace mai siffar kai, ya jera a rana a bakin titi har ta bushe ta tsaya ƙyam. Akwai wani da nake kai wa kusa da tasha, mutumin kirki amma marar tsari, wanda ba ya rubuta sunan kowa, wai shi da ido yake gane hular kowane mutum. Na kai masa da wuri, na jaddada masa cewa ranar Asabar da safe zan karɓa.

Ranar Asabar da safe na tarar da hulata a kan itace tana ɗigar ruwa.

"Yallaɓai, biki ne ya taso, huluna suka yi mini yawa," in ji shi. "Yanzu na sa mata sitaci. Sai ta sha rana yini guda, in ba haka ba za ta lanƙwashe."

Na yi masa jawabi a kan cika alkawari, jawabin da na tabbata masu jiran mota ma sun amfana da shi. Ya saurara har na gama, sannan ya miƙa hannu ya ɗauko wata zanna busasshiya, mai launi kusa da na tawa, sai ƙyalli take yi.

"Riƙe wannan ka fita kunya. Mai ita ya tafi Gadaka, ba zai dawo ba sai wani mako. Gobe ka kawo mini, ka ɗauki taka. Haka muke yi wa kowa."

Ya kamata a ce a nan na ƙara masa wani jawabin, a kan amana. Na buɗe baki ma. Amma sai na tuna cewa sauran hulunana duk sun yi laushi, babu wadda za ta iya zama shaidar wanki, kuma ni ne mai zartar da doka, ba zai yiwu in shiga aji hannu biyu ba. Na yi wa kaina lissafi irin na lauya: hulata dai an wanke ta, ga ta can ina gani, saboda haka jimlata gaskiya ce, wannan kuwa wakiliya ce kawai. Na karɓa, na sa a leda, ban ko tambayi sunan mai ita ba.

A gida na gwada ta a gaban madubi, sai ta zarce ta rufe mini kunnuwa, ta sauka a kan gira. Na naɗe takarda na cusa, duk motsin da na yi sai ta yi ƙara. Na sa hankici, bai cika ba. Ina cikin wannan hali idona ya faɗa kan wani ɗankwali a bakin gado, an goge shi an ninke, launin ruwan hoda, da 'yan duwatsu masu ƙyalli a gefe. Maiɗakina tana madafa. Na ninka shi, na shimfiɗa a kan sanƙo, na ɗora hula, ta zauna daram kamar don ni aka ɗinka ta. Na fita da sauri na tare mai napep.

Ajin ya cika, ban da Alhaji Buba. Kowa ya zo da shaidarsa: wani da takalmin da aka yi wa gyara, wani da wayar da aka sauya wa gilashi, Hajiya Falmata da lallen da aka zana mata a hannu. Zafi ya yi yawa, ba wuta, fanka tana tsaye, ina jin zufa tana taruwa a ƙarƙashin ɗankwali. Da aka zo kaina na miƙe, na gyara babbar riga, na ɗora yatsa a kan hula, na faɗa a fili: "I had my cap washed," wato na kai an wanke mini hulata. Ban tsaya nan ba, sai da na juya hagu da dama domin na baya su ga sitaci. Malam Sale ya tambaye ni da Turanci ko wannan hular nake nufi, na gyaɗa kai na ce ita ce (wannan gyaɗa kai shi ne wurin da lauyan da ke cikina ya gudu ya bar ni). Aka tafa mini, na zauna.

Ba a jima ba sai ga sallamar Alhaji Buba. Ya shigo yana ba da haƙuri, wai daga tafiya yake, cinikin da ya je yi ya ƙare da wuri. A can ƙololuwar kansa wata 'yar hula ce a ɗofane, kamar murfin buta a kan randa. Na dube ta sau ɗaya, na gane ta. Akwai wani ɗan zare da ya zare a gefen dama, wanda na ɗaure da hannuna. Lamba uku ce.

"Alhaji, kai ne ya kumbura ko hular ce ta rame?" in ji Hajiya Falmata.

"Wanki ne ya tsuke shi," in ji Alhaji. Ya juya wurin Malam, ya dafa hular, ya karanto jimlarsa da ƙyar, kalma bayan kalma, irin tawa sak.

Mai hankali a matsayina zai sunkuyar da kai ya yi shiru, ya bari a tashi, a warware a waje. Amma ganin kayana a kan wani, ana kuma kiransa nasa a gaban jama'a, ya sa na manta da komai. Ban san sanda na miƙe ba.

"Malam, ina da ƙorafi. Wannan jimla ba gaskiya ba ce. Hular da ke kan Alhaji ba tasa ba ce, tawa ce, kuma ina da hujja. A duba cikinta, za a ga lamba uku da jar tawada. Doka ba ta san mai shanu ba, ba ta san marar shanu ba."

Alhaji ya cire hular ba tare da damuwa ba (gashinsa cike yake, har da furfura mai kyau), ya leƙa ciki, ya miƙa wa Malam Sale. Malam ya gyara tabarau ya ce lallai ga lamba uku. Aji ya ɗauki guna-guni. Na tsaya ƙirji a buɗe, ina jin kamar na kama ɓarawon fayil.

"Wallahi Sakatare ya yi gaskiya," in ji Alhaji. "Na biya wurin mai wanki, na tarar ya tafi salla, na ɗauki wanda ya yi kama da nawa. Shi ya sa nake jin sanyi-sanyi a kai." Sai ya ƙura mini ido, ya karkata kai. "To amma Sakatare, in naka yana hannun Malam, wannan na kanka na wane ne?"

Ya yafito ni da hannu.

"Matso in gani. Akwai inda ɗan maraƙi ya taɓa tauna mini shi ta baya."

Mai kayan babur, wanda ke zaune a bayana kuma yana da tsohon haushi, ya leƙa ya ce, "Ga wurin taunar nan, Alhaji."

Na fara bayani. Na ce a duba jimlata da kyau, ban ce wannan ba, cewa na yi tawa, kuma tawa an wanke ta. Malam Sale ya tuna mini cikin taushin murya cewa ya tambaye ni, na kuma gyaɗa kai. Na ce gyaɗa kai ba jimla ba ce. Na nemi a ɗage hukunci zuwa mako mai zuwa domin a yi bincike. Na nemi a bar ni in fita waje mu yi musaya da Alhaji a bayan aji.

"Mai gaskiya ba ya tsoron tsananin hukunci," in ji mai kayan babur. "Wani dattijo ne ya faɗa mana haka a nan ajin."

"Ni dai a ba ni hulana," in ji Alhaji, ya miƙo hannu. "Kaina ya saba da shi."

Na duba ƙofa, ta yi nisa. Na sa hannu biyu na ɗaga hular a hankali, da niyyar in haɗo da ɗankwalin in dunƙule a ciki. Zufa ta riga ta yi aikinta. Hula ta taso ita kaɗai, ɗankwali ya zauna a tsakar kaina, ya manne, gefensa mai duwatsu ya warware ya sauko mini a kan kunne.

Dariyar ba ta zo nan take ba, sai da mutane suka tabbatar da abin da idonsu ya gani. Alhaji Buba ne ya fara, da wata dariya mai kama da tari, har ya dafa benci. Na fizge ɗankwalin, kuma a nan ne jama'ar Yerimaram suka ga kashi na biyu, wato filin da na yi shekara da shekaru ina ɓoyewa, yana sheƙi da zufa.

"Tsaya, tsaya," in ji Hajiya Falmata, tana share hawaye da bayan hannu don kada lalle ya ɓaci. "Wannan ai ni na sayar wa matarka, Maman Usaina. Ankon sunan da ake yi yau ne a gidan ƙanwarta. Sakatare, da me baiwar Allah ta tafi suna?"

Ban san da suna ba sai a lokacin.

Malam Sale, kamar yadda na faɗa, ba ya barin abu ya wuce a banza. Ya jira dariya ta lafa, ya ɗauki alli ya rubuta a allo: "Alhaji made him remove the cap." Wato Alhaji ya sa shi ya cire hula. Ya ce a lura da kyau, wannan ita ce ta tilas. Ya sa aji ya maimaita, suka maimaita da wata irin murya da ban taɓa jin sun ba wani darasi ba. Sannan ya tambaya ko akwai mai iya kawo misali da kalmar ƙyalewa. Hajiya Falmata ta ɗaga hannu ta ce tana so ta ce matarsa ba za ta bar shi ya shiga gida ba, a taimaka mata da Turancin. Aka taimaka mata. Na zauna a bencin yara har aka tashi, kai a buɗe, hulata mai danshi a kan gwiwa, ɗankwali a aljihu. An yafe wa Alhaji nasa hukuncin bisa hujjar cewa kuskure ya yi, kuma da aka nemi ra'ayina a matsayin mai zartarwa, sai na gyaɗa kai.

Labari ya riga ni isa gida, domin Hajiya Falmata tana da waya. Na tarar da maiɗakina ta dawo daga suna da wani tsohon ɗankwali da bai dace da atamfarta ba, ita kaɗai a cikin 'yan'uwanta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta karɓi ɗankwalin da yatsa biyu, ta shinshina, ta miƙo mini tare da sabulu.

"Wannan ba za a kai wa kowa ba, Baban Usaina. Da hannunka."

Na durƙusa a bakin rijiya na wanke shi, yara suna leƙe ta taga.

A Asabar ta gaba na kawo shawarar a soke dokar, bisa dalilin cewa tana hana ɗalibai sakin jiki. Aka ƙi amincewa, babu ko mutum ɗaya da ya goyi bayana. Tambayoyin ƙarin girma kuwa na amsa su lafiya, kuma duk cikin Turancin da na koya a wurin Malam Sale babu abin da ya zauna mini kamar wannan darasi, don ba a allo kawai aka koya mini shi ba.

Abin da na ɗauka daga ciki kaɗan ne, amma ina aiki da shi. Har yanzu ina ganin misalin ƙarya bai dace da dattijo ba, ban janye ba. Sai dai yanzu idan ana taro a ofis aka ce wa ke da shawarar hukuncin da za a yi wa mai laifi, nakan bari wani ya fara magana, ni kuma in yi ta kallon silin.